Ba Kowane Kati Mai Ƙarfi Ne Ya Cancanci A Dakushe Shi Ba

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan la'asar, wani ƙanena ya buga wayarsa a cinya, ya ja tsakin da sai da kowa ya juyo. An cinye shi a Hearthstone, wasan kati na waya na kamfanin Blizzard. Bai ko tsaya shan numfashi ba ya shiga faɗa: wai dek ɗin, wato tarin katunan, da aka doke shi da shi zalunci ne tsagwaronsa, wai mutanen Blizzard barci suke yi, wai in ba a rage wa katunan nan ƙarfi ba, shi da wasan sai dai a labari.

Na ce ya ba ni labarin yadda aka yi. Da ya zayyano, ashe an daɗe ana fafatawa, kowa ya sauke kati ya ja kati. Shi ne ma ya yi garajen jefa katin da yake share fili a kan ƙananan mayaƙa biyu, da manyan suka fito ba shi da abin tare su. An ba shi dama, ya zaɓa, zaɓin bai yi masa kyau ba. Amma a bakinsa laifin kati ne.

Irin wannan kukan ya ishe ni, domin yana rufe kukan da ya kamata a saurara. A ganina yawan cin wasa ba laifi ba ne ga dek. Dole a kowane lokaci a sami wanda ya fi saura. Katin da ya cancanci a dakushe shi shi ne wanda yake mayar da abokin karawa ɗan kallo, ya zauna riƙe da waya yana jiran a gama da shi, ba abin da zai saka ko ya fasa sakawa da zai canza komai. Irin wannan a taɓa shi da wuri, ko da alƙaluma sun ce ba ya cin wasa sosai. Sauran kuwa a ƙyale 'yan wasa su nemo musu magani. Idan kuma an taɓa, a biya mutanen da suka zuba abinsu.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba: Blizzard ta fito da wasan a watan Maris na 2014, ya iso wayoyin hannu a 2015. Kowa yana shiga da dek, wato kati 30 da ya zaɓa da kansa, kuma jaruminsa yana da rai 30. Kowane kati da farashinsa na duwatsu. Ana farawa da dutse ɗaya, kowane zagaye a ƙara ɗaya har su kai 10. Wanda ya fara ƙarar da ran jarumin ɗan'uwansa shi ya ci.

Ƙarfi daban, ƙwace wasa daban

Duk wanda ya ɗan jima a wasan ya san dek kala uku ne a dunƙule. Akwai masu gaggawa, masu zubo ƙananan mayaƙa tun zagayen farko su nufi fuskar jarumi kafin ya farga. Akwai masu jan wasa, masu share fili da ƙara rai har sai hannun abokin karawa ya ƙare, sannan su fito da manyan dodanni. Akwai kuma masu tara makami, waɗanda suke ɓoye wasu katuna a hannu har su haɗu, su gama da kai a zagaye ɗaya. A bisa al'ada mai jan wasa yana danne mai gaggawa, mai tara makami yana danne mai jan wasa tunda an ba shi lokacin da yake nema, mai gaggawa kuma yana kashe mai tara makami kafin kayansa su cika.

Wannan rinjayen ba matsala ba ne, shi ne ma gishirin wasan. Ka shiga karawa kana sane cewa cikin goma wataƙila huɗu za ka ci, amma ka san huɗun nan suna hannunka in ka iya lissafi. Matsala tana farawa ne ranar da rinjayen ya kai inda tun daga ganin katin farko ka san ka faɗi.

Misalin da ya fi zama mini a rai shi ne The Caverns Below, katin jarumar Rogue da ya fito a watan Afrilu na 2017 cikin rukunin katuna mai suna Journey to Un'Goro. Sharaɗinsa: ka saka mayaƙi mai suna iri ɗaya sau huɗu. Ladan kuwa, daga nan har ƙarshen wasa duk mayaƙinka ya zama mai duka 5 da rai 5, ko da ɗan mitsitsin alade ne na dutse ɗaya wanda yake kai hari nan take. To yaya ake cika sharaɗin? Ka saka mayaƙi, ka mayar da shi hannu da Shadowstep ko Youthful Brewmaster, ka sake sakawa, ka sake ɗaukewa. Duk wannan hidimar tsakanin mutum da hannunsa take. Kai da kake ɗaya gefen ba ka da inda za ka sa baki, domin mayaƙin ba ya ma kwana a fili balle ka kashe shi.

Idan kana riƙe da dek mai gaggawa, sau da yawa kana tattake shi kafin ya gama. Idan mai jan wasa ne, sai dai ka yi ta kallo. Haɗa waɗannan biyun ka raba, za ka ga adadin cin wasansa bai wani firgita ba. Amma babu wasa a ciki. Blizzard da kanta, lokacin da ta mayar da sharaɗin daga huɗu zuwa biyar a watan Yulin shekarar, dalilin da ta bayar shi ne katin yana korar dek masu jan wasa daga fage. Bai ma isa ba, sai da aka sake rage ladan zuwa duka 4 da rai 4 a watan Mayun 2018.

Duk wanda ya taɓa buga wot ya san zafin a jero maka lamba 1 da lamba 14 a bi da bi, kana ta zuwa kasuwa, mutum ya ƙare katunansa kai ko sau ɗaya ba ka saka ba. A wot sa'a ce ta kawo masa su, ana dariya a sake rabawa. Yanzu ka ɗauka an ba kowa izinin zaɓo katunansa daga gida, wani ya zo da irin waɗannan zalla. Ko da rabin wasannin kawai yake ci, wa zai so zama da shi?

"Ai alƙaluma ba sa ƙarya"

Wannan ita ce hujjar masu ilimin wasan, kuma ba hujjar banza ba ce. Shafuka irin su HSReplay da Vicious Syndicate suna tattara sakamakon wasanni masu ɗimbin yawa, su nuna maka kowane dek kashi nawa cikin ɗari yake ci, da wa yake dannewa, da wa yake danne shi. Suna cewa: a bar son rai, a duba lamba. Wanda ya haura sosai a rage shi, wanda yake kusa da 50 a bar shi.

Na yarda lamba ta fi ihun wanda aka doke yanzu-yanzu. Amma lamba guda tana haɗa gwani da ɗan koyo a tukunya ɗaya. Ku tuna dek ɗin Patron Warrior na 2015. Grim Patron kati ne mai dutse 5, duk lokacin da aka ji masa rauni bai mutu ba sai ya haifo wani irinsa. Frothing Berserker kuma dukansa yana ƙaruwa da ɗaya duk sanda wani mayaƙi a fili ya ji rauni. Warsong Commander yana ba ƙananan mayaƙa damar kai hari a zagayen da aka saka su. Haɗa ukun nan da katunan da suke yi wa kowa a fili rauni ɗaya-ɗaya, sai ka ga mutumin da filinsa babu kowa ya kwashe maka rai 30 a zagaye guda.

Dek ne mai wuyar sarrafawa ƙwarai. Lissafinsa da yawa, agogo yana tafiya, ɗan koyo yakan rikice ya kashe nasa da kansa. Don haka a hannun yawancin mutane bai fi saura cin wasa ba. A hannun ƙwararru kuwa ya mamaye gasanni. Wace lambar za a duba ke nan, ta talakawan wasa ko ta manya?

A nan zuciyata ta rabu, ba zan ɓoye ba. Patron yana cikin dek mafi buƙatar kaifin ƙwaƙwalwa da aka taɓa yi a wasan, kuma mutane da yawa har yau suna kewarsa. Sai dai ma'aunina bai canza ba. Gwanintar duk a gefe ɗaya take. Wanda ake karawa da shi yana iya yin komai daidai, ya cika ransa, ya mallaki fili, sannan a kashe shi daga hannu ba tare da ya ga abin da zai tare ba. Har ma saka mayaƙa yakan zame masa laifi, tunda kowane mayaƙi ƙarin duka ne ga Berserker. Dole a taɓa shi. Inda Blizzard ta yi ɓarna shi ne yadda ta taɓa. A watan Oktoban 2015, ana saura 'yan makonni gasar duniya, ta sauya rubutun Warsong Commander gaba ɗaya, ya koma katin da ba mai waiwayarsa. An zo aski an yanke kunne.

"To ka haɗa dek ɗin da zai karya shi mana"

Wannan nake gaya wa ƙanena, kuma a mafi yawan lokuta ita ce amsa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Idan masu gaggawa sun cika fage, ka ƙara katunan tsaro da na ƙara rai. Idan jarumin kowa yana riƙe da katin makami, akwai Acidic Swamp Ooze, ɗan kati mai dutse 2 da yake narkar da makamin abokin karawa, tun farkon wasan yana nan. Sau da yawa dek ɗin da ake kuka da shi a makon farko na sabon fitowa, kafin mako na uku an gano lagonsa, yayinsa ya wuce ba tare da kamfani ya ɗaga yatsa ba.

Amma masu wannan magana su riƙa tunawa da aljihu. Ƙwararren da yake da duk katunan wasan, canza dek a wurinsa minti biyu ne, musamman tun 2017 da aka kawo lambar da za ka kwafo ka liƙa dek ya haɗa kansa. Wanda yake wasa kyauta fa? Ƙura ita ce abin da ake samu in an narkar da kati, da ita kuma ake ƙera wani. Katin Legendary, ajin da ya fi tsada, guda ƙura 1,600 ake ƙera shi da ita, in kuma ka narkar da shi 400 kawai za a ba ka. Na Epic 400 ne, a mayar maka 100. Ƙaramin kati na gama-gari in ka narkar, ƙura 5. Yi lissafin katuna nawa za ka narkar kafin ka ƙera Legendary ɗaya. Dek mai jan wasa kuma yakan ci irinsu da yawa, shi ya sa za ka ga marasa kuɗi sun fi rungumar dek masu gaggawa. Ba wai ba su da haƙuri ba ne, abin da ƙurarsu ta iya saya ke nan.

Mu da muke nan abin ya fi mana ciwo, domin farashin fakitin kati da kuɗin waje aka yanka shi, kuma kowa ya san inda naira take. Ga kuɗin data, ga neman inda za a yi caji. Mutum ya yi watanni yana tara zinaren wasa da ƙura ya haɗa dek ɗaya tak, sai ka ce masa ya haɗa wani? Da me?

A yaba wa Blizzard inda ta kyauta. Tun 2020 ba a ba ka maimaicin kati sai ka mallaki duk na ajinsa, kuma a 2021 ta kawo rukunin Core, kati fiye da 200 da ake ba kowa aro kyauta. Wannan ya rage nauyi. Bai kawar da shi ba.

Jinkiri da garaje

A shekarun farko Blizzard tana da aƙidar cewa kati ya zama kamar na takarda, abin da ka mallaka kada ya riƙa canzawa a hannunka. Aƙida ce mai kyau a baki. A aikace ta sa mutane sun sha wuya. Undertaker ya fito a watan Agustan 2014, kati mai dutse ɗaya da yake girma ta duka da rai duk sanda ka saka wani irin mayaƙi. In ya sauka a zagayen farko kuma ba ka da maganinsa a hannu, sau da yawa wasan ya ƙare tun bai fara ba. Sai a ƙarshen Janairun 2015 aka gyara shi, kusan wata shida ke nan.

Na Patches the Pirate ya fi ban haushi. Ya fito a Disamban 2016. Ba ka ma biyan duwatsunsa: da ka saka wani ɗan fashin teku, shi da kansa zai faɗo daga cikin dek ya kai hari. Dek iri-iri suka riƙa cusa 'yan fashin teku ba don komai ba sai don shi. Aka bar shi wata 14, sai a Fabrairun 2018 aka cire masa harin nan take, saura wata biyu ya fita da kansa daga Standard, wato tsarin wasan da ake cire tsofaffin rukunan kati duk shekara. Ihu bayan hari.

Daga baya suka juya. Ranar 7 ga Afrilun 2020 aka fito da sabon jarumi, Demon Hunter. Washegari aka rage wa katunansa huɗu ƙarfi, kafin watan ya ƙare aka sake. Wasu sun yi ta tafi wai kamfani ya fara jin magana. Ni tambayar da ta zo mini ita ce: abin da duniya ta gane cikin kwana ɗaya, yaya aka yi masu gwaji a cikin gida ba su gane shi ba?

Ben Brode, wanda ya jagoranci Hearthstone kafin ya bar Blizzard a 2018, ya fito da Marvel Snap a Oktoban 2022 tare da kamfaninsu Second Dinner. Kati 12, zagaye 6, wasa ya ƙare cikin 'yan mintuna. Tun 2023 suke taɓa lambobin katuna a kai a kai, duk mako ko mako biyu, ba sai ka sabunta manhaja ba. Akwai daɗi, domin ba a barin ciwo ya ruɓe. Amma ina tsoron abin da wannan yake koya wa ɗan wasa. In ka san ranar Alhamis za a gyara, me zai sa ka ɓata dare kana neman maganin dek? Sai ka zauna ka yi ta ƙorafi ka jira. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Masu Magic: The Gathering ba su da wannan zaɓin a katin takarda, tunda ba a goge abin da aka buga. Da Oko, Thief of Crowns ya fito a Oktoban 2019 ya cika kusan kashi 70 cikin 100 na dek a wata babbar gasa, abin da suka iya shi ne haramta shi a nasu tsarin Standard ranar 18 ga Nuwamba. Wasan waya yana da abin da ya fi haramci sauƙi: a ƙara dutse ɗaya a farashi, a rage rai ɗaya. Dutse ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, zagaye guda ne cur da aka ba abokin karawa ya nemi mafita. Ga wanda yake da irin wannan ƙaramar wuƙa, ban ga dalilin ɗaukar gatari ba, ban kuma ga dalilin jiran shekara ba.

Zargin da ba ya mutuwa

Akwai masu cewa duk wannan wasan kwaikwayo ne: a fito da kati mai ƙarfi da gangan, a sayar, in an gama cin kasuwa a dakushe shi, a fito da wani. Ba na ɗaukar zargin nan gaba ɗayansa. Ana fitar da sabbin katuna sama da ɗari sau uku a shekara, miliyoyin mutane kuma za su gwada haɗin da ƙaramin ofis ba zai taɓa hangowa ba. Kuskure dole ne.

Sai dai kamfanin ya sha ba masu zargin abin kamawa. A Satumban 2017 jarumin Druid ya addabi kowa, kuma katin da aka fi nuna wa yatsa shi ne Ultimate Infestation, sabon fitowa: duka 5, jan kati 5, sulke 5, da mayaƙi mai 5 da 5, duk a kati ɗaya. Da gyara ya zo ba a taɓa shi ba. Cikin waɗanda aka taɓa har da Innervate da Hex da Fiery War Axe, tsofaffin katunan da ake ba kowa kyauta. Fiery War Axe ya tashi daga dutse 2 zuwa 3. Kati ne mai ƙarfi, babu musu, amma irin ƙarfin da ake iya karawa da shi ne: kana ganinsa, kana iya narkar da shi, kana iya tsara mayaƙanka a kansa. Shi ne jarin talakan da yake buga Warrior. Kuma da yake kyauta aka ba da shi, ko ƙwayar ƙura ba a mayar wa kowa ba.

Nan ne batun biya ya shigo. Ƙa'idar Hearthstone ita ce in an rage wa kati ƙarfi, ana ba ka 'yan kwanaki ka narkar da shi a mayar maka da cikakkiyar ƙurarsa. Madalla. Amma yawanci katin da aka taɓa kaɗai ake biya. Ka ƙera Legendary uku don su yi aiki tare da wani ƙaramin kati, aka dakushe ƙaramin, dek ya mutu. An mayar maka ƙura 40 ko 100, kai kuma 4,800 ka zuba. Kamfanin yana da bayanan kowane wasa, ya san sarai waɗanne katuna ne ba sa rayuwa sai da wanda ya taɓa. Ya buɗe musu ƙofar mayarwa su ma, ko da na mako guda ne. In ya san kowane gyara zai ci masa wani abu, zai fi yin gwaji da kyau kafin ya fitar.

Sa'a fa?

Ba na faɗa da sa'a, wasan kati ne, ba dara ba. Jan kati kansa sa'a ne, kuma iya zama da mugun hannu yana cikin gwaninta. Amma Yogg-Saron na 2016, wanda yake watso sihiri barkatai gwargwadon adadin da ka yi a wasan, ya sha juya wasan da mutum ya gina tun zagayen farko, har a gasar da ake cin kuɗi. Shi ma ya faɗa ƙarƙashin ma'auni ɗaya, sai dai shi mutum biyu yake mayarwa 'yan kallo, har da wanda ya saka shi. Gyaran da aka yi masa a Oktoban shekarar, cewa in ya mutu a tsakiya sihirin ya tsaya, ya yi mini daidai: masu son dariya ba a raba su da shi ba, masu gasa kuma suka daina jingina da shi.

Akwai ma katunan da lamba ba ta gyara su. Genn Greymane da Baku the Mooneater sun fito a Afrilun 2018. In dek ɗinka duk farashinsa cika ne ko duk mara ne, suna inganta ikon jaruminka, wato ƙaramin aikin da jarumi yake iya yi duk zagaye, tun kafin a ja katin farko. Ba sai sun zo hannunka ba, ba sai ka saka su ba, don haka ba a kashe su, ba a tare su. Ko an ƙara musu farashi ko an rage musu rai, aikinsu ya riga ya gama kafin wasa ya fara. Aka yi ta dakushe katunan da suke kewaye da su, dek ɗin Paladin da Rogue da Warrior masu mara suna nan daram, kowane wasa kamar na jiya. A Afrilun 2019 Blizzard ta cire su daga Standard, shekara guda kafin lokacinsu, ta kuma ba waɗanda suka mallake su ƙura ba tare da sun narkar da katin ba. Da an yi hakan tun a wata na shida, da tsofaffin katuna da dama da aka yanka saboda su suna nan yadda suke.